Nazarin Lamari: Kariyar Saman Motar Wani Mai Haɗa Sola, Daga Katifa Da Igiya Zuwa Ƙarfe Mai Huji

## Mutumin da motarsa

Mai wannan lamari magidanci ne da ke sana'ar haɗa wutar sola a wani gari gabas da Kano. Aikinsa ya fi yawa a ƙauyuka: rijiyar burtsatse, shagon cajin waya, masallaci, ɗakin shan magani. Injiniya mutane suke ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan. Maƙwabcina ne, kuma yawancin awon da za a gani a ƙasa tare muka yi shi, yana riƙe da tef ina rubutawa.

Motarsa tsohuwar Peugeot 504 ce mai dogon baya, wadda muke ce wa Fijo wagon. A Faransa aka fara fitar da 504 a 1968, masana'antar Kaduna ta soma harhaɗa motocin Peugeot a 1975, ta kuma ci gaba da 504 har cikin shekarun 2000, shi ya sa kayan gyaranta ba sa wuyar samu har yau. Abin da ya shafe mu a jikinta shi ne ɗan leɓen ƙarfen nan da ya bi gefen rufi hagu da dama, wanda ke tare ruwan sama kada ya zubo kan ƙofa. Tsofaffin motoci suna da shi, yawancin sababbi babu. A kan wannan leɓe ake kafa ƙafafun kariya, wato ƙarfen ɗora kaya a saman mota.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, masu janareta da yawa suka juyo wajen sola, aiki ya ƙaru masa. Farantan sola, wato masu kama hasken rana, da ake yayi kuma suka girma. Faranti mai wat 550 tsawonsa milimita 2278 ne, faɗinsa 1134, nauyinsa kilo 27 zuwa 28. Ko an kwantar da kujerar baya ba ya shiga yadda but ɗin mota zai rufu. Dole sai sama.

## Janairu: katifa da igiya

Hanyar da ya fara bi ita ce wadda kowa ya sani. Ya shimfiɗa tsohuwar katifar soso a kan rufi, ya ɗora faranti biyu ko uku da kwali a tsakaninsu, ya zura igiya ta cikin ƙofofi ya ƙulle daga ciki, sannan ya ƙara da robar tiyub. Ya yi watanni a haka a hanyoyi na kusa, yana lallaɓawa.

A tsakiyar Janairu, cikin hazo, ya ɗauki faranti uku zuwa wani aiki mai nisan kilomita 70. Da ya hau kwalta ya kai gudun kilomita 80 a awa. Wata tirela ta taho ta ɗaya hannun, iskarta ta shiga ƙarƙashin kayan, gabansu ya ɗaga, robar ta miƙe, suka dawo suka bugu. Yaron aikinsa da ke zaune a gaba ya ce da idonsa ya ga igiyar da ta ratsa saman kansu ta yi tsalle. Suka sauka gefe. Gilashin farantin ƙasa bai zube ba, amma ya tsattsage daga wannan kusurwa zuwa waccan, ƙanana-ƙanana kamar an barbaɗa gishiri a ƙarƙashin leda. Gilashin faranti gasasshe ne mai kaurin milimita 3.2, in ya fashe a wuri ɗaya duka yake tafiya, kuma ba a gyara shi. Injiniya ya sayi wani daga aljihunsa, ribar aikin ta tafi a nan.

Rufin ma ya lotsa a tsakiya, faɗin faifai. In aka tura daga ciki ya fito da ƙara, in aka dafa ya koma. Fatar rufin ƙaramar mota ba ta kai kaurin milimita 1 ba. Don rana da ruwa aka yi ta, ƙarfin motar yana gefuna da ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi da gilasai.

Iskar da ta ɗaga kayan tana da lissafinta. In gudu ya ninka sau biyu, bugunta sau huɗu yake ninkawa. A gudun kilomita 50 tana tura abu mai faɗi da kimanin kilo 12 a kowane murabba'in mita, a 80 kimanin kilo 30, a 100 kimanin kilo 47. Fuskar faranti ɗaya ta kusa murabba'in mita 2.6. Ke nan a gudun 80, ko kashi ɗaya cikin uku na wannan ƙarfi ne ya samu shiga ta ƙasa, ya kusa nauyin faranti guda. Roba kuwa aikinta miƙewa, ta bar kaya su tashi sannan ta fizgo su ƙasa.

## Fabrairu: kariya ta farko

Makon farko na Fabrairu ya je wajen wani dattijo mai walda a garin, wanda ke yin ƙofofi, tagogi da karagar tankin ruwa, kuma an san shi da aiki mai ƙarko.

"Baba, kariya nake so, irin wadda ko buhun siminti goma aka ɗora ba za ta motsa ba."

"Injiniya, in dai ƙarfi kake nema, kawo angul mai kauri, sauran ka bar mini."

Ya shiga Kano, a kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo ƙarfen angul, wato mai siffar L, mai milimita 50 a kowane gefe da kaurin milimita 5. Baba ya yi firam mai tsawon mita 2.2 da faɗin mita 1.2, ya gilma sanduna huɗu a ciki, ya kewaye shi da ɗan shinge na rodi mai milimita 12. Ƙafafu huɗu ya yi mata, kowace tafinta santimita 4, tana zaune a cikin leɓen rufi ƙarfe a kan ƙarfe, da ƙugiya mai bol ɗaya da ke kama leɓen ta ƙasa. Kwana uku aikin ya ci. Aka shafa baƙin fenti kai tsaye ba tare da jan fentin hana tsatsa ba. Mutum huɗu suka ɗaga ta zuwa saman motar. Ba wanda ya auna ta.

Ta yi kyau a ido, kuma in ka hau ka yi tsalle ko gezau. Injiniya ya fara ɗora faranti huɗu da tsanin alminiyom, ya ɗaure da igiya.

Abin da ya lura da shi a makonnin da suka biyo baya, ga shi kamar yadda ya faɗa mini. A kwana motar tana kwanciya, sai ya rage gudu sosai kafin ya juya sitiyari. In ya taka birki gabanta yana durƙusawa, kuma tana ɗaukar nisa kafin ta tsaya. In iska ta bugo daga gefe a fili, sai ya ji tana jan sa zuwa ɗaya hannun. A hanyar burji mai gargada akwai wata ƙara, ƙwas-ƙwas, daidai saman kan direba. Mai kuma ya ƙara sha, ko babu kaya, don kariyar ba ta sauka.

Bayan mako biyar, yana wanke mota ya ga leɓen rufi ya tsage a ƙarƙashin ƙafar gaba ta dama, tsawon ɗan yatsa. Ta hagu ta lanƙwasa ƙasa. Ƙofar gaba ta dama sai an buga ta sau biyu take kamawa.

## Maris zuwa Mayu: walda da huda rufi

Ya kai wa fanalbita. Shawarar da aka yanke a garejin ita ce tunda leɓen ya gaza, a taimake shi. Aka yi abu biyu a yini ɗaya. Na farko, aka liƙe tsagar da wuta, aka kuma haɗe ƙafafun gaba biyu da leɓen da walda, suka zama abu ɗaya da motar. Na biyu, aka ƙara ƙafafu huɗu a ciki-ciki masu sauka kan fatar rufin, aka huda rufin da huji mai milimita 10, aka zura bol, aka sa washa da noti daga ciki, aka shafe kewayen da silikon. An cire kan batir kafin a kunna wuta, wannan an yi daidai. Amma zafin waldar ya ƙone fentin da ke ɓoye a cikin haɗin leɓen, inda burushi ba ya kaiwa.

Ƙarar ta ɗauke. Mako uku aka yi lafiya.

A mako na huɗu sabuwar tsaga ta fito, ba a kan waldar ba, a gefenta, inda ƙarfe mai kauri ya ƙare siriri ya fara. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa zura ido ya ga mota tana haura rami a karkace. Bodin mota yana murɗewa kaɗan, taya ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, sannan ya dawo. Firam ɗin angul mai kauri ba ya murɗewa, kamar ƙofar shago yake. In aka ɗaure mai motsi da marar motsi ba tare da wani abu mai laushi a tsakani ba, duk motsin a bakin haɗin yake taruwa, sau dubbai a tafiya ɗaya, har siririn ya gaji. Haka ake karya waya da hannu, lanƙwasa, miƙe, lanƙwasa.

Hujin rufin ma ya fara faɗaɗa. Washar da aka sa ƙarama ce, tana cin fatar rufin a kewaye, silikon ya saki. Cikin bazara ba abin da ya nuna. Ruwan farko da aka yi a ƙarshen Mayu, da dare, shi ya tona. Da safe silin ɗin motar ya jiƙe ya yi ciki, ruwa yana ɗiga kan kujerar baya, inda aka kwana da kwalin sabuwar inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida. Allah ya sa ledar ciki ta tare. Bayan kwana goma jan layin tsatsa ya fara gangarowa daga ƙafafun gaba zuwa kan ƙofa.

## Yuni: sikeli

A nan aka tsaya aka sauke komai. Sai da injin yankan ƙarfe aka raba ƙafafun gaba da motar. Muka ɗora kariyar a amalanke zuwa wajen 'yan gwangwan, aka rataye ta a sikelinsu. Kilo 54, ba a haɗa da ƙafafu huɗun da aka ƙara ba.

Lissafi ya yarda da sikeli. Mita ɗaya na wannan angul kilo 3.77 ne. Firam da sandunansa sun ci mita 11.6, kusan kilo 44 ke nan, ragowar na ƙafafu da rodi ne. Faranti huɗu kilo 110, tsani 12. Jimilla kilo 176 a saman mota.

Masu ƙera motoci suna rubuta iyakar nauyin da rufi zai ɗauka a littafin mota. A yawancin ƙananan motoci tsakanin kilo 50 ne da 100, kuma 75 ya fi yawa. Abin da mutane ke mantawa shi ne wannan adadi ya haɗa da nauyin kariyar kanta. Da kilo 75 muka yi aiki. In aka cire 54, saura 21. Wato kariyar da aka yi don farantai ba ta bar wurin ko faranti ɗaya ba.

Injiniya bai karɓi maganar nan take ba.

"Malam, ai motocin haya suna ɗora abin da ya ninka haka, kullum muna gani."

"Gaskiya ne, Injiniya. Gobe mu biya ta tasha ka duba leɓen rufinsu da bakin ƙofofinsu. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba."

Mun je. Ya zagaya motoci biyar ko shida yana shafa leɓen da yatsa, ya ga faci a kan faci, ya ga ƙofofin da ake ɗaurewa da igiya. Bai ce komai ba har muka dawo.

Iyakar ba don rufi kaɗai aka sa ta ba. Nauyi a sama yana ɗaga cibiyar nauyin mota, kuma mota mai nauyi a ka ta fi saurin kifewa in aka kauce wa rami ko dabba da gudu. Wanda ya taɓa ɗaukar tulu a ka ya san bambancin juyawa da shi da juyawa da bokiti a hannu. Ga kuma birki. Ƙa'idar ɗaure kaya da ake bi a Turai ta ce a ɗaure kaya yadda za su jure turi zuwa gaba da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsu, zuwa gefe kuma kashi 50. Kilo 176 a birkin gaggawa turin kilo 140 ne, kuma da farko ƙugiya huɗu masu bol ɗai-ɗai ne ke riƙe da shi. Abin da ke gaban wannan kaya gilashin direba ne, sai mai babur ko yaron da aka taka birkin dominsa. Lodin da ya wuce ƙa'ida laifi ne da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, suke tare mota a kansa, kuma dalilin ke nan.

## Yuli: kariya ta biyu

Wannan karon daga adadi aka fara. Faranti biyu kilo 55, saura kilo 20 ga kariya da duk abin da ke jikinta. Aka rubuta 20 a jikin kwali aka kafe a bangon shagon Baba.

Ƙarfen da aka zaɓa Injiniya ya san shi daga aikin wayarin, shi ake kafawa a bango ko silin a ɗora tiren waya da bututu. Siffarsa kamar kwami, gefe ɗaya a buɗe da leɓɓa biyu da suka lanƙwasa ciki, bayansa da dogayen huji a jere, jikinsa a shafe da zinki irin na kwanon rufi. A Amurka aka fara ƙera shi, sunan Unistrut ya bi shi, ko da wani kamfani ne ya yi. Akwai mai zurfi, milimita 41 da 41, wanda mitarsa ke kai kusan kilo 2.7. Akwai marar zurfi, 41 da 21, kusan kilo 1.8. Duka kaurinsu milimita 2.5. Da mai zurfin aka yi, sanduna kaɗai za su haura kilo 21, don haka aka ɗauki marar zurfin. Amfaninsa shi ne da bol da noti ake haɗa shi, ana iya matsar da komai gaba ko baya ba a sake yanka ba.

Aka yanka sanduna uku masu gilmawa, kowace mita 1.35, da dogaye biyu masu mita 2. Dogayen aka ɗora su kusa da gefe, daidai inda firam ɗin faranti zai zauna, don nauyi ya sauka kusa da ƙafafu kada ya taru a tsakiyar sanda. Kowace mahaɗa bol biyu masu milimita 8, waɗanda ake ɗaurewa da sifana mai lamba 13. Injiniya ya duba kan kowane bol sai ya ga an buga 8.8, alamar ƙarfinsa, ya ƙi karɓar marasa lamba. Duk inda aka yanka, zinkin ya tafi, sai aka goge aka shafa fentin hana tsatsa.

Ba a yi walda a jikin wannan ƙarfe ba ko ɗaya. Wuta tana ƙone zinki ya tashi farin hayaƙi, wanda ya shaƙa da yawa zazzaɓi da ciwon jiki suna kama shi bayan 'yan awoyi. Baba ya san wannan hayaƙi, ya ce madara suke sha bayan irin aikin. Madara ba ta hana abin da ya riga ya shiga huhu, kuma na so a ce yaran shagon sun ji haka tun suna ƙanana a sana'ar. Iska mai kyau da kankare zinkin kafin a kunna wuta su ne rigakafi.

Inda aka fi ɓata lokaci shi ne ƙafafu. Kwana biyu cikin huɗun da aikin ya ci a kansu suka tafi. Shida aka yi maimakon huɗu, daga baƙin ƙarfe shimfiɗaɗɗe mai faɗin milimita 40 da kaurin 5, kuma a nan ne waldar Baba ta yi aiki. Kowace ƙafa an yi mata tafi mai tsawon santimita 12, ninki uku na da, an goge bakinsa ya yi sumul. Sai da aka fara gwada siffar da kwali a jikin motar, aka yanka, aka sake gwadawa, don leɓen ba miƙaƙƙe ba ne, yana da ɗan lanƙwasa daga gaba zuwa baya. Na ga Baba ya mayar da ƙafa ɗaya kan maƙera sau huɗu, yana sa ta a leɓen yana leƙa ƙarƙashi ko haske na wucewa, har sai da ta zauna daram. Aka tsaga tiyon ruwa aka sa wa kowane tafi kamar takalmi, ƙugiyar da ke kamawa ta ƙasa ita ma aka naɗe ta da robar tiyub. Babu inda ƙarfe ya taɓa fentin mota.

Wurin zaman ƙafafun ma an zaɓa. An sa su kusa da kan ginshiƙai, inda rufi ya fi ƙarfi, an kuma kauce wa wuraren da aka yi faci da tazarar taƙi guda. Tsayinsu an rage shi iyakar abin da zai yiwu, tsakanin sanda da ƙololuwar rufi santimita 4 kawai, yadda hannu da tsumma za su shiga.

A can gaba aka gilma ɗan angul siriri mai milimita 30, aka ɗaura masa katako, ya zama tokari. Bakin farantan yana jingine da shi, ba sa zarce shi zuwa saman gilashin gaba, kuma yana rufe bakinsu daga iska. Rarar santimita 28 da faranti ya fi dogayen sandunan ta baya take fita, inda dogon rufin wagon ya rufe ta. Aka bar igiya da roba, aka sayi bel uku na ɗaure kaya irin masu ƙugiya da abin matsewa.

Fanalbita ya toshe huji huɗun rufi, ya gyara leɓen, ya kankare tsatsa, ya sa jan fenti sannan na sama. Aka koma wajen 'yan gwangwan. Kilo 20. Mutum biyu suka ɗora ta.

## Agusta: gwaji

Ranar farko babu kaya. Daga gudun kilomita 60 sai wani fito ya tashi, yana ƙara kaifi da gudu, har ba a jin magana a cikin mota. Iska ce ke wucewa ta bakin kwamin da hujojin, kamar mai busa a bakin kwalba. Aka juya sandunan gilmawa buɗaɗɗen gefensu ya kalli ƙasa, aka liƙe hujojin ta gaba da tef, aka toshe bakunansu da katako. Fiton ya ragu, saura wani gurnani. Aka naɗe sandar gaba da siririyar igiya a karkace, tazarar yatsa huɗu tsakanin zagaye da zagaye, don ta wargaza iskar kada ta riƙa tsinkewa a lokaci ɗaya a duk tsawon sandar. Gurnanin ya tafi. Dogayen biyu an bar su suna kallon sama, hujojinsu na zubar da ruwa.

Rana ta biyu aka ɗora falankin katako da buhunan yashi, jimilla kilo 55, don kada a yi gwaji da gilashi. Kafin a tashi Injiniya ya ja farin layin fenti a kan kowane noti zuwa jikin ƙarfe. Aka yi kilomita 20 a burji. Noti uku layinsu ya goce, duk da washa mai tsaga da aka sa musu. Aka canza dukkansu zuwa noti mai roba a ciki. Aka maimaita hanyar, ba wanda ya motsa. A fili marar mutane aka taka birki da ƙarfi sau uku daga gudun 50, ƙafafun ba su zame ba.

Rana ta uku aka ɗora farantai biyu, kwali a tsakani, bel ɗin yana bi ta kan firam ɗin alminiyom daidai saman kowace sanda, ba a matse shi a tsakiyar gilashi ba. Bel ɗin ya yi ta kaɗawa yana ƙugi, aka murɗa shi rabin zagaye a kowane gefe ya yi shiru.

## Satumba zuwa Fabrairu: abin da ya biyo baya

Wata shida kariyar ta yi aiki, ƙarshen damina, kaka da hunturu. Ba faranti da ya fashe. Leɓen rufi bai sake tsagewa ba, ruwa bai shiga ba, ƙofar dama tana kamawa da turi ɗaya. Injiniya ba ya wuce gudun 80 da kaya, yana tsayawa bayan kilomita 10 na farko ya ƙara matse bel, kuma duk Juma'a yana bin fararen layukan nan da ido. A wata na huɗu tiyon ƙafar baya ta hagu ya cinye, ya ga alamar goga a fenti, ya canza dukkan shidan. Batura, waɗanda manyansu ke haura kilo 50, a cikin mota suke tafiya, a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. In babu aikin faranti yana kwance ƙugiya shida ya sauke kariyar cikin minti goma, saboda mai.

Abin da bai warware ba shi ne yawan kaya. Aikin rijiyar burtsatse yakan ci faranti shida ko takwas, kariyar biyu take ɗauka. Aikin kusa yana yin sawu biyu. Na nesa yana ɗaukar hayar a-kori-kura, ya sa kuɗin a lissafin mai aiki tun farko. Wasu sun yi ƙorafi, ɗaya ya fasa ba shi aikin.

## Hukunci

A ganina kuskuren farko ba na mai walda ba ne. An ce masa ya yi abin da buhu goma ba za su motsa ba, ya kuma yi. Tambayar ce ta karkace, aka tambayi abin da kariya za ta iya ɗauka, ba a tambayi abin da motar za ta iya ɗauka ba. A duk wata goma sha huɗun nan babu sandar da ta lanƙwasa, ko ta angul ko ta ƙarfe mai huji. Duk ɓarnar a mahaɗar kariya da mota ta faru, a leɓe, a gefen walda, a bakin huji.

Gyaran watan Maris shi ya fi kowane mataki tsada, don ya ɗauki tsaga a matsayin rashin ƙarfi alhali yawan nauyi ne da rashin sassauci, sai ya ƙara ƙarfi a inda ake buƙatar ragi. Da an kai kariyar sikeli ranar da tsagar farko ta fito, da ba a huda rufin ba.

Ban ɗora nasarar ta biyu a kan irin ƙarfen ba. Siririn bututu mai kusurwa huɗu, milimita 25 da kaurin 1.5, mitarsa kusan kilo 1.1 ne, kuma ƙwararren mai walda zai iya fitar da kariya mai sauƙi daga gare shi. Ƙarfe mai huji ya taimaka ne wajen gyare-gyaren watan Agusta, inda aka juya sanduna aka canza noti da sifana kawai. Abin da ya yi aiki shi ne adadin da aka kafe a bango kafin a yanka komai, ƙafafu shida masu faɗin tafi a kusa da ginshiƙai, roba a tsakani, tokarin gaba, da gwaji da yashi kafin gilashi. Wannan tsari na mota mai leɓe ne. Wadda ba ta da shi tana da wuraren da masu ƙera ta suka tanada don ƙafafun kariya, a nan ya kamata a kama.

Akwai abin da nake ci gaba da damuwa da shi. Kilo 75 cif yake ɗauka, babu rara, a kan motar da ta tsufa kuma aka taɓa sa wa leɓenta wuta, a hanyoyin da suka fi wanda aka yi lissafin dominsu muni. Na ba shi shawarar in hanya burji ce mai nisa ya ɗauki faranti ɗaya a sama ko ya nemi a-kori-kura. Wani lokaci yana bi, wani lokaci aiki na matsa shi. Facin nan huɗu na rufi da wurin da aka ƙone a leɓen gaba kuwa, mun yi da shi za a ɗaga silin a duba su daga ciki kafin ruwan farko na bana.